Tafiyar Liberata Mai Miyar Gyaɗa

Shekara goma sha tara teburina yana manne da na Doña Liberata Yucra a saman benen kasuwar Tupiza. Ni kunun jan masara da fanke nake sayarwa da safe, ita kuwa miyar gyaɗa da tsakar rana. Ta ba ni shekara ashirin cif, shi ya sa Yaya nake ce mata. Ita kuma ba ta taɓa wahalar da bakinta ta kira ni Zenobia ba, sai dai Zeno, ranar da na ɓata mata rai kuwa in koma "ke 'yar nan".

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, da kitso biyu har gadon baya. A sansanin masu haƙar kuza aka haife ta, can gindin dutsen Chorolque, inda ruwa ke kwana a bokiti ya wayi gari ƙanƙara. Tun tana 'yar shekara tara take taya uwarta tsince kuza daga tsakuwar da ake zubarwa a bakin rami. Aji biyu ta yi a makaranta. Ta auri Hilarión, shi ma ɗan rami, ƙurar ramin ta cinye masa huhu kamar yadda ta cinye na ubanta. Shekarar da aka rufe ramukan aka sallami ma'aikata, ta sauko Tupiza a bayan motar kaya da 'ya'ya uku da tukunya ɗaya. Da wannan tukunyar ta sa dukkansu a makaranta.

Garinmu kan hanya yake. Duk wanda ya tsallako daga Ajantina ya nufi arewa, a nan yake fara sauke numfashi. Tun kafin in zo kasuwar, 'yan jakar goyo sun san teburin Liberata. Samari ne da 'yan mata masu jakunkunan da suka kusa fin su tsawo, gashi a cukurkuɗe, takalmi ya sha ƙasa, kowa yana dabarar yadda guzurin wata guda zai kai shi wata uku. Wasu Turawa ne, wasu 'yan maƙwabta, masu kaɗa jita a cikin mota ko saƙa warwaro su sayar. A hanya sukan gaya wa juna cewa in ka isa Tupiza ka hau bene ka nemi mata mai baƙar hula. Za ta zage ka, amma za ta ƙara maka.

Haka ne kuwa. "Kai dogo, waɗannan ƙafafun na aro ne? Zauna kafin iska ta kwashe ka." In mutum biyu suka sayi kwano ɗaya suna rabawa, sai ta yi kamar ba ta gani ba, can ta zo da ludayi ta cika kwanon tana tsaki. "Iyayenku sun san haka kuke yawo da yunwa?"

Abin da ya fi miyar jawo su shi ne shawararta. Ta san motar da ke tashi kan lokaci da wadda ke lalacewa a daji. Ta san masaukin da ke da kuɗin cizo a Potosí, da kasuwar da za ka ci ka ƙoshi a Sucre, da ɓangaren da ya kamata ka zauna a mota in za ka gangara ƙasar zafi don kada ka yi ta leƙen kwazazzabo. Waɗanda suka sauko daga arewa su ba ta labari, ita kuma ta miƙa wa masu hawa. Ba ta mantuwa, ba ta kuma ƙari.

Wata rana wata yarinya 'yar Yurugwai mai suna Maite ta zauna da ɗan littafinta tana rubuta duk abin da Liberata ke faɗa game da Rurrenabaque, garin bakin kogi da ke ƙarshen hanyar daji.

"Inna, yaushe rabonki da can? Kada a ce kuɗin mota ya canja."

Liberata na juya miya. "Ban taɓa zuwa ba."

"Au! To La Paz fa?"

"Ban je ba."

"Filin gishirin Uyuni dai? Ai nan ne kusa."

"Sha miyarki, tana hucewa."

Yarinyar ba da mugunta ta tambaya ba, ta ma ji kunya har ta rufe littafin. Amma da la'asar muna wanke-wanke a bakin famfo na ga Liberata ta goge tukunya ɗaya har sau uku.

"Zeno," ta ce, "shekara ashirin da wani abu ina tura 'ya'yan mutane wuraren da ban san kalarsu ba. Yarinya ta taso daga wata ƙasa da riga biyu ta ga ƙasata kaf. Ni da aka haifa a cikinta, daga dutse sai kasuwa."

"To ai su ba su da aikin yi ne, Yaya."

"Ni ma na kusa rasa shi. Shekarata sittin da ɗaya."

Babban ɗanta Wálter direba ne a wani kamfanin da ke kai 'yan yawon buɗe ido filin gishiri. Kusan duk mako yana can. Da ya ji uwarsa na shirin tafiya, sai ga shi a kasuwa da rana tsaka, mabuɗin mota a hannu.

"Inna, in gishiri kike son gani, bari in nema miki kujera a motarmu."

"Shekara takwas kana neman kujerar nan. Ta ɓata ne?"

"Haba Inna. Me mutane za su ce? A ce uwata na kwana a tasha kamar marar gata?"

"Su ce ta tafi. In na dawo su ce ta dawo. Matsa, kana tare min ciniki."

Da ya ga ba za ta tankwaru ba, sai ya dawo kaina da magiya. A lokacin mijina yana aikin gini a Ajantina, 'yata kuma ta isa riƙe tebur. Na ce masa zan raka ta Uyuni kawai, kwana uku, in ta ga wahalar hanya da kanta za ta juyo. Sai da muka yi kwana talatin da tara.

Wálter ya kawo mata wata ƙatuwar jaka ja da wani baƙo ya bari a motarsa. Muka taru muka ɗaura mata, igiya ta nan, maɗauri ta can. Tana miƙewa jakar ta fizge ta baya, ba don mai sayar da cuku ta tare ta ba da ta sha ƙasa. Matan bene suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Wanda ya ƙera wannan bai taɓa goyo ba," in ji ta. Ta kwance ta miƙo min. "Ke ce yarinya, ɗauki." Ita kuwa ta shimfiɗa zanen goyonta mai ratsi-ratsi, wanda ta goyi 'ya'yanta uku da shi, ta zuba kayanta: 'yar tukunya, ludayi, risho, niƙaƙƙiyar gyaɗa, busasshen naman ɗan raƙumin dutsen nan da muke kira lama, busasshen dankali, soyayyiyar masara, ganyen koka na taunawa da bargo ɗaya. Ta ƙulle, ta wurga baya, ta ɗaure a ƙirji. Muka tashi bayan bikin tunawa da matattu da kwana biyu, farkon Nuwamba.

A Uyuni masu neman fasinja suka yi mana caa, kowa da takardarsa mai hotuna. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ja ni muka shiga motar ƙauye zuwa Colchani, inda masu haƙar gishiri suke. Ta sami wani direban babbar mota zai shiga ɗaukar kaya, ta gaishe shi da harshen Kechuwa na mutanen dutse, ta damƙa masa ganyen koka cike da tafin hannu. Ya ce mu hau baya.

Da muka yi nisa har gari ya ɓace, motar ta tsaya, ma'aikata suka hau lodi da shebur. Liberata ta sauka ta yi ta tafiya ita kaɗai a kan farin nan da ba shi da iyaka, har ta koma 'yar mitsitsiya. Na ji tsoro na bi ta. Na same ta a tsugune, ta ɓantari gishiri ta sa a harshe, hawaye na zuba. Na ɗauka hasken ne ya shige mata ido.

"Yaya, lafiya?"

"Daga saman dutsenmu, in gari ya yi garau, akan hango wani farin zare can ƙarshen duniya. Uwata ta ce min gajimare ne. Har ta mutu gajimare take ce masa." Ta share fuska da gyale. "Tashi mu je, kada su tafi su bar mu."

A nan na san ba za mu juya ba.

Muka bi ta Oruro muka isa La Paz. Dokokinta na hanya ba su da yawa amma ba ta karya su. Ba a cin abinci a tasha. Inda 'yan dako ke ci, nan za a ci. Ba a hawan tasi in ƙafa na aiki. Wannan ta ƙarshen ce ta haɗa mu faɗa, don ta sa ni hawan wani titi mai tsayi kamar bango, da jar jakar nan a bayana, muna neman wani masauki da ta rantse yana nan. Ashe ta juya kwatancen ne. Awa biyu muna hawa da sauka. Na zauna a bakin wani shago na ce ba zan ƙara taku ɗaya ba, gobe ma gida zan koma.

"Ke 'yar nan, raki gare ki."

"Yaya, kin yi kuskure. Ki ce kin yi kuskure kawai."

"Titin ne suka canja masa wuri."

Ba ta taɓa amsa laifi ba, a wannan ranar ma ba ta amsa ba. Sai dai ta shiga shagon ta sayo min lemo mai sanyi, ita da ba ta sayen ko ruwa, ta kuma kwashe rabin kayan jakata ta ƙara a goyonta.

Masaukin da muka samu daga baya irin na 'yan jakar goyo ne, gado kan gado, mutum takwas a ɗaki. Saurayin da ke karɓar baƙi ya dubi siket ɗinmu da hulunanmu ya ce, "Inna, ba ma neman masu shara yanzu. In kuma talla ce, ba a shiga da ita."

Ni dai kunya ta kama ni, na fara ja da baya. Liberata ta sauke goyonta a kan teburinsa, tim.

"Ɗana, me aka rubuta a allon ƙofarku? Karatuna bai yi nisa ba, taimaka min."

"Gado da karin kumallo."

"An rubuta ban da 'yan ƙasa?"

"A'a, Inna, ba haka nake..."

"To gado biyu. Na ƙasa, don gwiwata ba ta hawa bishiya."

Kafin ya gama inda-inda sai ga wani Bature mai jan gemu ya sauko daga bene, ya tsaya cak, ya ware hannu yana ihu da gurɓataccen Sifaniyancinsa: "Mai miya! Mai miyar Tupiza!" Ya rungume ta har hularta ta faɗi. Mako biyu kafin nan ya ci a teburinta. Da yamma ta shiga kicin ɗin masaukin, ta ga yadda baƙin suke dafa taliya da gishiri kawai, ta kama haɓa. Ta aiki mutum biyu kasuwa su sayo albasa da ƙashin saniya, kowa ya kawo abin da yake da shi. Mutum goma sha bakwai suka sha miyar gyaɗa a ranar, har da saurayin tebur, wanda ya zo da kwanonsa yana sunkuyar da kai. Ta zuba masa, ta ƙara masa tsoka. Kwana huɗun da muka yi a gidan, mai masaukin ya ce a bar mana kuɗin gado in dai za ta ci gaba da ɗora tukunya.

Daga La Paz muka kama hanyar gangara zuwa ƙasar zafi. Mota ta yi ta kewaya duwatsu, sanyi na raguwa, ganye na ƙaruwa, muna ta cire rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya. Mun wuce Caranavi da kamar awa uku sai motar ta tsaya a bayan dogon layi. Manoman yankin ne suka datse hanya da gungume da duwatsu. Ruwa ya cinye musu gada shekara biyu da suka wuce, lemonsu da ayabarsu na ruɓewa a gona, an yi ta yi musu alkawari. Sun ce ko keke ba zai wuce ba sai wani babba ya zo daga birni ya sa hannu a takarda.

Mu mun saba da irin wannan, kowa ya nemi inuwa. Baƙin ne hankalinsu ya tashi. Akwai 'yan jakar goyo shida a motarmu, wani na ta nuna wa direba tikitin jirgin sama, direba na sakace haƙori. Ranar farko aka cinye guzuri. Rana ta biyu yara suka fara kuka.

Liberata ta zaga layin motocin tun daga farko har ƙarshe, hannu a baya. Ta gano wata motar kaji da zafi ya fara kashewa, mai su yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ta ce masa gara ya sayar da araha da ya zubar. Ta samo rabin duro a wurin wani bakanike, ta sa aka kankare shi da yashi a rafi. Ta raba aiki ba tare da ta tambayi kowa ko yana so ba: direbobi itace, mata fiɗa, 'yan jakar goyo ɗiban ruwa. Wata 'yar Faransa ta ce ba ta taɓa figar kaza ba.

"Yau za ki taɓa. Riƙe nan."

Ayaba da rogo kuwa a hannun masu datse hanyar ta samo. Ta je har bakin gungumen ta ce musu, "Ku ma ai ba iska kuke ci ba. Ku kawo abin gonarku, mu kawo kaza." Da azahar ta yi, waɗanda suka tare hanya da waɗanda aka tare wa suna layi ɗaya da kwanoni.

A wurin rabon ne ta lura da wata mata cikin baƙaƙen kaya da ba ta taso ba, tana zaune a gefen wata ƙaramar motar a-kori-kura da aka lulluɓe da tamfol. Liberata ta kai mata abinci da kanta. Sunanta Ceferina. Mijinta ne a cikin akwati a bayan motar. Ya rasu a asibiti a La Paz, za ta kai shi ƙauyensu, tafiyar awa biyu bayan shingen. Kwana biyu ke nan a cikin wannan zafin. Ta roƙi masu gadin shingen, sun ce ba su da iko, doka ce ta taron ƙungiya.

Ban taɓa ganin fuskar Liberata ta yi irin wannan ba. Ta ajiye ludayi, ta gyara hula, ta ce in biyo ta.

Shugaban manoman wani dattijo ne siriri, Don Anacleto, yana zaune a kan kututture da sandar muƙaminsa. Ya saurare ta, ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, in na buɗe wa mota ɗaya, kafin yamma kowa ya zama mai gawa. Mutum ɗari huɗu ne suka ɗaga hannu. Ba ni da ikon sauke musu shi."

Ta ƙura masa ido. "Wannan harshen naka ba na nan ba ne. Ɗan wane rami ne kai?"

Ya ce, "Siete Suyos. Da aka rufe muka gangaro nan."

"Ni Chorolque. To ka san abin da zan faɗa. Mijina a asibitin Potosí ya cika. Ba ni da abin ɗauko shi. Aka binne shi can cikin baƙi, ina gida da jariri. Yau shekara ashirin da biyar ban san inda zan kai masa fure ba." Ni da nake maƙwabciyarta ban taɓa jin wannan ba sai ranar. "Ban ce ka buɗe wa mota ba. Taronku ya hana mota. Ya hana kafaɗa?"

Don Anacleto ya tashi ya je ya yi magana da wasu dattawa uku. Da ya dawo ya ce, "Shinge uku ne, tsakanin na farko da na ƙarshe kilomita shida. A can akwai motar ɗan'uwana, za ta kai su. Amma wa zai ɗauka? Mutanena ba za su bar bakin aiki ba."

"Wannan aikina ne."

Ta dawo wurin motoci ta tafa hannu. Direbobi uku suka fito. Ta juya wurin baƙin.

"Ku, kun saba ɗaukar kaya a banza. Yau ga na lada."

Wani ɗan Kolombiya ya fassara wa waɗanda ba su gane ba. Ba wanda ya yi gardama. Aka sare gora biyu dogaye, aka ɗaure akwatin da igiyar lodi. Liberata ta tsinko ganyen lemo ta murtsuke ta ba kowa ya cusa a hanci, ta jera su bisa tsawo don kada nauyin ya karkata, ta tsara yadda za a riƙa karɓar juna. Ita ta shiga gaba, ta riƙe hannun Ceferina.

Awa biyu da rabi muka yi. Rana kamar ta fasa kai, laka har idon sawu. Mai tikitin jirgin nan, wanda ya fi kowa mita, kafaɗarsa ta saluɓe amma ya ƙi a karɓe shi. Da muka iso shinge na biyu, masu gadi suka miƙe suka cire huluna. Sai wani saurayi a cikinsu ya ajiye sandarsa ya shiga ƙarƙashin gorar, wani ya bi shi. Kafin mu kai na uku, manoman ne ke ɗauke da akwatin, baƙin na biye a baya suna ɗingishi. Aka sa shi a mota. Ceferina ta bi masu ɗaukar ɗaya bayan ɗaya tana kama hannunsu da hannu biyu.

Washegari da hantsi wani jami'i ya iso daga birni, aka sa hannu, aka janye gungumen. Da motarmu ta zo wucewa, Don Anacleto ya miƙo wa Liberata buhun lemo ta taga.

A Rurrenabaque zafi ya kusa kayar da ita. Ƙafafunta suka kumbura, sauro ya mayar da ita abincinsa, amma ta ƙi rage siket ko ɗaya daga cikin ukun da take sawa. Kogin ne ya ba ta tsoro. Ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin tsallakawa da ƙafa ba. Kwana biyu tana zuwa bakinsa ta zauna tana kallon kwalekwale suna kai da kawo. A na uku ta ce, "Zeno, in na koma aka tambaye ni, in ce me? Na gan shi daga nesa?" Muka shiga na masu kai kaya ƙauyukan gaba, tsakanin buhunan shinkafa da wani alade a ɗaure. Ta runtse ido, ta damƙe hannuna har ya yi shati, tana kiran sunayen waliyyai. Can ta buɗe ido ɗaya. Da muka yi nisa ta saki hannuna ta tsoma yatsu a ruwan.

"Ɗumi gare shi," ta ce, da mamaki kamar yarinya.

Muka dawo ta wata hanyar, ta Trinidad da Santa Cruz da Sucre, wani wuri a motar kaya, wani wuri a motar haya. Inda guzuri ya yi ƙasa sai ta nemi kasuwa, ta sami mai abincin da aiki ya yi wa yawa, mu taya ta yini guda. Mun iso Tupiza ana saura kwana goma sha biyu Kirsimeti, mun rame mun yi baƙi. Wálter na tasha. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fashe da kuka a gaban abokan aikinsa.

"Rufe bakinka, ƙuda zai shiga," in ji uwarsa. "Ɗauki kayan Zeno."

Bayan wannan ta sake fita sau shida, duk shekara in Nuwamba ta kama. Biyu na bi ta, sauran ita kaɗai, ko da wata daga matan bene, don bayan dawowarmu waɗanda suka fi kowa dariya su ne suka fara zuwa suna tambaya a asirce ko tafiyar na da wuya. Mai sayar da cuku ta ga tafkin Titicaca tana da shekara hamsin da takwas. A tafiya ta huɗu Liberata ta tsaya Potosí, ta yi kwana uku tana bin wani tsohon ma'aikacin maƙabarta har ya tono mata wani littafi da asu ya ci. Suka sami layin da aka binne mutanen wannan watan, ba su sami ainihin kabarin ba. Ta sayi fure mai yawa ta bi layin kaf tana ajiyewa.

Gwiwar ce ta tsayar da ita daga ƙarshe. Yanzu ta haura saba'in da biyar, hawan benen ma sai Wálter ya tallafe ta. 'Yar autarta Nélida ke riƙe da tukunya, ita kuma tana zaune a kujera gefe tana ɗanɗanawa tana kushewa. Makon jiya na ji ta tana yi wa jikarta faɗa, wadda ta gama karatun jinya aka tura ta aiki wani gari can kusa da iyakar Brazil, tana kuka wai ya yi nisa, ba ta san kowa ba.

"Kwana nawa ne a mota?"

"Uku, Kaka."

"Akwai kasuwa a garin?"

"Ai ko'ina akwai kasuwa."

"To kina sauka ki nufe ta. Ki nemi matar da ta fi kowa faɗa, ki zauna a teburinta, ki ce mata ke baƙuwa ce. Share hawayenki ki je ki yanki tikiti, motar Laraba ta fi ta Juma'a lafiya."

Yarinyar ta tafi ranar Laraba.